Wanke man sitiyari da man ɗaga mota, tun daga zaɓen mai har cire iska

Mai mota a Sakkwato ba ya wasa da baƙin mai. Da lokaci ya yi za ka gan shi a gareji, an juye tsoho an zuba sabo, an canza filta. Amma tambaye shi yaushe rabon da a canza man sitiyari, sai ya ce ai wannan ba a canza shi, in ya ragu ƙarawa ake yi. Haka mota za ta shekara da shekaru tana yawo da man da ta shigo da shi daga Kwatano, ana yi masa ciko da duk abin da hannu ya kai, har ranar da sitiyari zai fara kuka a kwana ko ya ɗauki tauri, sai a ce famfo ya mutu.

Aikin man nan ba ƙarami ba ne. Famfon da bel ɗin inji ke juyawa shi ke matsa shi zuwa rak, wato sandar da ke juya tayoyin gaba, kuma idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe, matsin kan kai ninki 40 na iskar da ke cikin tayarka. Ga zafin garin nan, wanda daga Maris zuwa Mayu yake wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Hunturu ya zo da ƙurarsa, duk buɗe murfi sai ta samu hanya. A hankali man ya ƙone, ya yi baƙi, ya kwashi garin ƙarfe da ɓurɓushin roba yana zagayawa da su, su kuma suna cin oyilsil da cikin famfo. Kamfanoni da yawa ba su rubuta wa'adin canza shi a littafin mota ba. A ganina, a irin yanayinmu, shekara 2 ko kilomita 50,000 ya isa, ko kuma duk sa'ad da ka ɗiga shi a farar takarda ka ga ya yi duhu yana ƙauri.

Kafin komai, tabbatar motarka tana da man ma. Corolla daga ƙirar 2009, Camry daga 2012 da Accord daga 2013 sitiyarinsu na lantarki ne, babu famfo babu kofin mai. Peugeot 307 kuwa tana tsakani: famfonta lantarki ke juya shi, amma mai yake turawa.

Wane mai?

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Wankin kansa abu ne mai sauƙi, zaɓen man ne ke kashe famfo da rak. Za ka ji bakanike ya ce maka, "Alhaji, ai dud ɗai na, jan mai na muka zuba ma kowace mota." Kada ka yi masa gardama, ce masa kawai, "Malam, bari mu diba marfi tukuna." Yawancin motoci an rubuta irin man a kan murfin kofin, in babu kuma yana cikin littafin motar.

Toyota na da, irin su Corolla, Camry da Hilux masu famfo, yawancinsu jan man giya suke sha, wanda aka rubuta wa Dexron II ko Dexron III. Su ne suka sa mutane suka ɗauka jan mai na kowa ne. Honda ba ta shan sa. Tana da man sitiyarinta na kanta, mai haske, kuma kamfanin ya hana a zuba mata man giya. Wanda ya zuba, ba ranar zai ga sakamako ba, sai bayan watanni ya tarar da rak yana yoyo ta gefe biyu. Golf, Passat, Sharan da Audi da yawa, da wasu BMW da Marsandi, koren mai suke sha irin Pentosin CHF 11S. Su Peugeot kuwa ya danganta da shekara, tsofaffi jan mai, na baya-baya wani mai na daban, don haka a karanta kafin a saya.

Launi ba hujja ba ne. Man Citroën mai suna LHM kore ne, CHF 11S ma kore ne, amma ba abu ɗaya ba ne kuma ba a haɗa su. Man birki kuwa ko da wasa kada ya kusanci kofin sitiyari, haka man sitiyari kada ya shiga kofin birki. Robobin kowanne an yi su ne don irin mansu, da sun sha baƙon mai sai su kumbura ko su narke. Idan hakan ta faru a birki, maganar rai ake yi.

Sayi mai a rufe, ka duba hatimin murfin da kanka. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san daga wace jarka ya fito ba. Duka hanyar man sitiyari ba ta cika wuce lita 1 ba a ƙananan motoci, amma sayi lita 2, domin rabi wanki zai tafi.

Sauran kayan aiki: babban sirinji da guntun tiyo a bakinsa, tiyo mai haske wanda ake ganin abin da ke wucewa ta cikinsa kamar mita 1, tsohuwar jarka, filaya, mazurari mai tsabta, tsumma marar zare, jak, da abin tokare mota na ƙarfe ko katako mai kauri. Bulon siminti yana fashewa ba sallama, kada ka dogara da shi. Sannan mutum na biyu. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a wurin da iska ba ta kwaso rairayi.

Wankin man sitiyari

Akwai hanya ta gaggawa: a zuƙe abin da ke cikin kofi da sirinji, a cika da sabo, a yi kwana biyu ana yawo, a sake, har sau uku ko huɗu. Tana rage dauɗa, kuma ta fi zama haka nan. Amma sirki ne kawai, tsohon da ke cikin rak yana nan yana gauraya da sabo. Idan man ya riga ya yi baƙi, ko kana zargin an taɓa zuba wanda bai dace ba, cikakken wanki za a yi.

Da farko faka motar a wuri mai daidai, ja hambirki, sa dutse a bayan tayoyin baya. Ɗaga gaba har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare. Dalilin ɗagawar shi ne za a yi ta murɗa sitiyari inji a kashe, kuma in taya na ƙasa sai an sha wuya, tayarod ma ya wahala a banza.

Goge kofin da murfinsa da bakin tiyoyin kafin ka buɗe. Mutane na tsallake wannan, alhali ƙasar da ta taru a wuyan kofi ita ce ta farko da za ta faɗa ciki. Sannan zuƙe duk man da ke cikin kofin.

Yanzu duba tiyo biyu da ke jikin kofin. Mai kauri, wanda ya fito daga ƙasa ya nufi famfo, shi ke ba famfo mai, bar shi. Siririn shi ne mai dawo da mai daga rak, shi za ka cire. Matsa kilif ɗinsa da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon a hankali kafin ka ja. Zafin Sakkwato yana busar da roba, bakin kofin nan kan karye idan aka fizge, to sai sayen kofi. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, kada mai ya zuba kan bel ko altaneta. Tiyon da aka ɗaure da noti a jikin famfo, mai bakin ƙarfe, shi ne na matsi, babu ruwanka da shi.

Toshe bakin kofin da ka cire wa tiyo da guntun tiyo wanda aka cusa wa kusa a ɗaya ƙarshen. Shi kuma tiyon da ka cire, haɗa shi da tiyo mai hasken nan, ka zura ƙarshensa cikin jarka.

Kafin ka zuba sabon mai, haska cikin kofin. A ƙasansa akwai rariya, kuma sau da yawa za ka tarar ta toshe da baƙin laka. Wannan kaɗai ya isa ya sa famfo kuka, domin mai ba ya isar sa. Idan kofin yana ciruwa, cire shi ka wanke da kananzir, ka bar shi ya bushe sarai. Na Honda tacinsa a manne yake a ciki, in ya toshe canza kofin ya fi.

Cika kofin da sabon mai. Mataimakinka ya shiga ya murɗa makulli yadda sitiyari zai saki, ba tare da ya tayar da inji ba. In motar ta dannawa ce ba ta makulli ba, ya danna ba tare da ya taka birki ba. Sai ya riƙa murɗawa a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu. Kowace murɗa rak zai turo tsohon mai cikin jarka, ya ja sabo daga kofi. Kai idonka na kan kofi, kai ke ba da umarni: murɗa, tsaya. Da ya kusa rabi ka ƙara. Kada ka bari ya kafe, in ya kafe iska ta shiga, ka ƙara wa kanka aiki.

Wasu kanikawa suna tayar da inji don a gama da wuri. Ban goyi bayan haka ba. Famfo yana kwashe kofi cikin 'yan daƙiƙu, kafin ka ce a kashe ya riga ya juya a bushe, kuma famfon da ya tsufa ba ya yafe wannan.

Ci gaba har man da ke bi ta tiyo mai haske ya zama launi ɗaya da wanda kake zubawa. Sannan zuƙe na cikin kofi ya yi ƙasa da bakin da ka toshe, cire toshiyar, mayar da tiyo, mayar da kilif daidai inda yake. In kilif ɗin ya saki, sa sabo.

Cire iska

Cika zuwa layin sama. Har yanzu inji a kashe, taya a sama, a murɗa ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, kana kallon ƙananan kumfa suna tasowa, kana ƙara mai. Idan sun daina, a tayar da inji na 'yan daƙiƙu a kashe, a duba. Man zai sauka, a ƙara. A sake tayarwa, a murɗa a hankali sau da yawa, amma kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, domin a nan matsi ke kaiwa ƙololuwa. In ka ga man ya yi fari da kumfa, kashe inji ka ba shi kamar rabin awa ya kwanta, sannan a maimaita.

Sauke motar, zagaya unguwa, dawo ka duba. Yawancin kofuna suna da layi biyu, na mai sanyi da na mai zafi, a auna da wanda ya dace. Kada a cika har wuya, in ya yi zafi zai tumbatsa.

Idan kuka bai tafi ba bayan kwana ɗaya ko biyu, ba sabon man ne ya jawo ba. Kuka mai kaifi a lokacin murɗawa yawanci bel ne ya saki. Gurnani tare da kumfar da ba ta ƙarewa alama ce iska na shiga ta tiyo mai kauri. Accord na 2003 zuwa 2007 an san ta da wannan: wani ɗan zoben roba a mashigar famfo yana ƙandarewa, sai ta riƙa kuka da sanyin safiyar hunturu, rana na yi ta yi shiru. Famfo nawa aka canza saboda wannan ɗan zobe! Matsa kuma robar da ta rufe ƙarshen rak ta kowane gefe, in ka ji mai a ciki, oyilsil ɗin rak ya tafi, kuma wanki ba ya gyara shi.

Tsohon man a rufe shi cikin jarka a bar wa gareji. Kada a zuba a kwata, kada kuma a ajiye shi a gida cikin gorar lemo, jan man nan da zoɓo yake kama a idon yaro.

Motocin da mai ke ɗaga su

Yawancin motoci a kan sifirin da shokozoba suke zaune, babu man da za a canza. Amma akwai waɗanda mai ke ɗaga su yana sauke su, kuma wadda aka fi gani a nan ita ce Lexus LX470 ta 1998 zuwa 2007, da wasu Land Cruiser na wannan zamani, masu tsarin da Toyota ke kira AHC. Za ka gane ta da makunnin da ke kusa da giya, mai matsayi uku: LO, N da HI.

Ga yadda abin yake. Famfon lantarki yana tura mai zuwa sandunan da ke kama da shokozoba a kowace taya. A jikin shasi, kusa da kowace taya, akwai wani ƙwallon ƙarfe wanda rabinsa iskar naitirojin ce, rabi mai, da fatar roba a tsakani. Iskar nan ita ke shanye gargada. Idan ta tsere, mai ba ya matsuwa, sai motar ta riƙa tsalle tana dukan baya, a hanyar Illela ko ta Gusau direba ya ji kowane rami a ƙugunsa. A nan ne ake ce wa mai mota a cire tsarin gaba ɗaya a sa shokozoba na gama-gari. Ni ina ganin asara ce a yi haka kafin a gwada abu biyu masu sauƙi: auna ƙwallayen, da canza mai.

Aunawar ba ta buƙatar kwamfuta. Jikin tankin man, wanda ke ƙarƙashin bonet, yana da layuka. A wuri mai daidai, mota babu kaya, inji na aiki, sauke ta zuwa LO ka yi alama inda mai ya tsaya. Ɗaga ta zuwa HI, jira famfo ya yi shiru, sake alama. Ƙirga layukan da ke tsakani. Sababbin ƙwallaye kan ba da kusan 14. In ya gaza 7, sun mutu, kuma ko ka zuba sabon mai ba za ta yi laushi ba sai an canza su. A rufe ƙofofi duka lokacin gwajin, domin motar ba ta hawa ko sauka in ƙofa na buɗe. Wannan ya sha ruɗa mutane su ɗauka famfo ya lalace.

Man nata na musamman ne, Toyota ke sayar da shi a gwangwani mai lita 2.5, an rubuta AHC a jiki. Ba man giya, ba man birki, ba man jak. Gwangwani ɗaya kan isa in an yi tattali, amma samun biyu ya fi kwanciyar hankali. Ana canza shi wajen kowace kilomita 100,000.

Gargaɗi kafin a taɓa sipana: da ka kwance notin fitar da mai, motar za ta zauna ƙasa, kuma nauyinta ya haura tan 2. Ana yin aikin ne taya na ƙasa, hannu kawai ake miƙawa daga gefe. Kai ko kafaɗa kada su shiga ƙarƙashi, yaran gareji ma a kore su daga wurin. Sa tabarau. Kada kuma a lalubi yoyo da yatsa, mai a irin wannan matsi yana huda fata, kuma wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa nan take ko da ramin bai kai tsinin allura ba.

Sauke motar zuwa LO ka kashe inji. A haka yawancin man ya dawo tanki. Goge wuyan tankin, zuƙe tsohon duka, cika da sabo har kusa da wuya. Wuraren fitar da mai guda 5 ne, kowanne da ɗan noti mai hular roba irin wanda ake kwancewa wajen cire iskar birki: ɗaya kusa da kowane ƙwallo, na biyar a jikin wani dogon tulun ƙarfe da ke gefen hagu na shasi, wanda ke ajiye mai don ɗaga mota da sauri. Wanke su, in sun yi tsatsa a jiƙa su da man kwance noti tun dare, domin in ɗaya ya karye aiki ya zama babba.

Fara da dogon tulun. Sa tiyo mai haske a bakin notin, ƙarshensa cikin jarka, kwance kaɗan da sipana mai lamba 10. Mai zai fito da ƙarfi da kumfa. Da ya tsaya, ɗaure. Koma gaban hagu ka yi haka, gaban motar zai sauka har ya zauna, ka ɗaure kafin ya gama ɗiga don kada ya ja iska. Sai bayan hagu. Tayar da inji, rufe ƙofa, danna zuwa N. Za ta ɗan jima kafin ta tashi, kuma bayan ta tashi famfo zai ci gaba da aiki yana cika tulun, bar shi ya yi shiru da kansa. Idonka na kan tanki, kada ya kafe. Kashe inji, ƙara mai, je gefen dama gaba da baya, ka fitar har sai mai tsabta marar kumfa ya fito. Sake tayarwa, hau da sauka tsakanin LO da HI sau biyu ko uku, tsayar a N, daidaita mai tsakanin layin ƙasa da na sama.

Idan bayan haka tana ƙin tashi in an yi lodi, sau da yawa sifirin na baya da sandunan ƙarfe na gaba ne suka gaji, suka bar wa mai nauyin da ba nasa ba. Wannan sai an auna matsin da kwamfuta. LX570 ma tana da AHC, amma tankinta yana ƙarƙashin mota ta baya kuma ta fi cin man AHC ɗin.

Marsandi doguwa, irin W123 da W124 masu buɗaɗɗen baya, bayanta kawai mai ke ɗagawa in an yi kaya. Man nata shi ne ZH-M, kuma kofinsa daban yake da na sitiyari ko da a motar da famfo ɗaya ke yi musu aiki, don haka a tabbatar da kofin kafin a zuba. Wankinta: zuƙe kofi, canza filtar ciki, cire tiyon dawowa zuwa jarka, cika da sabo. A nan dole a tayar da inji, amma man a hankali yake zagayawa, ana iya bin sa da ciko har mai tsabta ya fito. Mutum biyu su zauna a but su sauka sau da yawa don na cikin sandunan baya ma ya motsa.

Citroën irin Xantia, BX da XM, in ka ci karo da ita, koren LHM ɗaya ne ke riƙe da tsayin mota da sitiyari da birki, saboda haka bayan canza shi sai an cire iskar birki. C5 daga 2001 ta koma wani mai mai suna LDS. Manyan Marsandi masu tsarin ɗaga mota da mai da ake kira ABC, wanda ya fara fitowa a 1999, matsinsu ya kai kusan ninki biyu na sitiyari, wankinsu kan ci lita 10 na CHF 11S da sabuwar filta, kuma ana buƙatar kwamfutar da za ta riƙa motsa motar yayin da man ke fita. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne, a kai wa wanda yake da na'urar, a kuma tsaya a ga an buɗe kowace robar mai a gabanka.